Farfesa a cikin kuɗin tikiti

Kafin fasinja ko ɗaya ya taka ƙasa a zirin Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙurewar kudancin duniya, wani ƙaramin kwalekwalen roba mai inji ne ke fara barin jirgi da sassafe, ɗauke da 'yan mutane da damin sanduna masu tutoci. Su ne za su duba gaɓar, su kakkafa sandunan su fitar da hanyar da baƙi za su bi, su lura da inda tsuntsayen fengwin suka yi sheƙa da turbar da suke bi zuwa ruwa don kada a tare musu. A cikin mutanen nan ba wuya ka sami mai digirin digirgir a ilimin tsuntsaye, ko wanda ya yi shekaru a tashar bincike yana auna ƙanƙara, ko mai ɗaukar hoton da ka sha ganin aikinsa a mujalla ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Daren jiya shi ya yi lacca a zauren jirgi ana ta tafa masa. Yau da safe ga shi tsaye cikin ruwan sanyi har gwiwa, yana riƙe hannun wata tsohuwa ta sauko daga kwalekwale. In an dawo kuma shi zai tsaya a bakin ƙofa ya ce wa wani hamshaƙin attajiri ya ɗaga ƙafa a ga ƙasan takalminsa, in da sauran kashin tsuntsu a jiki ya koma ya sake sa buroshi.

Wannan sana'a ce mai zaman kanta a yau, kuma kasuwarta babba ce a Amurka da Turai. Kamfanin Lindblad Expeditions ya haɗa gwiwa da National Geographic, ƙungiyar Amurka mai fitacciyar mujallar nan, tun 2004, jiragensa na yawo da masana da masu ɗaukar hoto. Cibiyar Smithsonian da ke Washinton tana da sashen tafiye-tafiye nata, manyan jami'o'i kuma suna shirya wa tsofaffin ɗalibansu balaguro su haɗa su da farfesa guda daga cikin malamansu. Idan ka buɗe takardar tallar irin wannan tafiya za ka ga hoton ɗakin kwana da na abinci, amma shafin da ke sa mutum ya zaro kuɗi shi ne mai ɗauke da fuskar masanin da jerin littattafansa. Kuɗin ba na wasa ba ne. Tafiyar kwana goma zuwa Antaktika daga Ushuwaya, garin da ke can ƙurewar kudancin Ajantina, sau da yawa takan haura dala 10,000 ga mutum guda, ban da kuɗin jirgin sama.

To me mutum yake saya da wannan kuɗi, tunda duk abin da farfesan zai faɗa yana cikin littafi, yana kuma intanet kyauta?

Amsar da na fi gamsuwa da ita a kan Dutsen Dala na same ta, muna 'yan sakandare. An kai mu ziyara, muka hau muna haki, muka kalli rufin gidajen birni, muka ce to shi ke nan, mun ga Dala. Da muka sauko sai malaminmu na tarihi ya tsaya, ya sunkuya ya ɗauki wani baƙin dunƙule mai rami-rami, irin wanda da ni ne sai in yi ƙwallo da shi in wuce. Ya ce mu taɓa, mu ji nauyinsa. Ya ce wannan kama yake da kashin maƙera, abin da ke saura in an narka tama an fitar da ƙarfe, kuma masu bincike sun sami shaidar ana wannan aiki a gindin dutsen nan tun wajen ƙarni na 7. Duk mun san labarin Barbushe da Tsumburbura tun muna firamare. Amma ranar ce na fara ganin wurin a matsayin inda mutane suka taɓa hura wuta suna gumi. Ƙasar da muka tattake ɗazu ba ta sauya ba, idon da muke kallonta da shi ne aka ara mana. Abin da fasinjan jirgin Antaktika ke biya ke nan: ya tsaya kusa da wanda ya san abin da ya kamata a kalla, a daidai lokacin da abin ke faruwa, ya kuma iya tambaya a ba shi amsa nan take. Ana cewa gani ya kori ji, amma gani ma sai da mai nuni.

Al'adar ta daɗe a Turai. A ƙarni na 17 da na 18 'ya'yan masu sarauta na Ingila sukan yi shekara biyu ko uku suna zaga Faransa da Italiya kafin su gaji gida, kuma ba a sakin yaro shi kaɗai, sai an haɗa shi da malami. A 1764 Adam Smith, wanda ake kira uban ilimin tattalin arziki na zamani, ya ajiye kujerarsa ta farfesa a Jami'ar Gilasgo don ya raka wani matashin basarake, Duke na Buccleuch. An yanka masa fam 300 a shekara, da alkawarin za a ci gaba da biyansa haka har ƙarshen ransa, abin da ya fi ƙarfin samunsa na jami'a. Sun yi wajen shekara ɗaya da rabi a Tulus, kaɗaici ya ishe shi har ya rubuta wa abokinsa David Hume cewa ya fara rubuta wani littafi don ya kashe lokaci. Daga baya ya sadu da Voltaire, shahararren marubucin Faransa, kusa da Janeba, ya zauna da masanan tattalin arzikin Faransa a Faris. Abin dariyar shi ne, a babban littafinsa da ya fito a 1776, shi da kansa ya caccaki al'adar tura samari yawon ƙasashe, ya ce yawanci sukan dawo da girman kai da shashanci fiye da yadda suka tafi. Ya faɗi haka ne yana karɓar fanshon rakiyar. Duk wata sarƙaƙiyar da ke cikin sana'ar nan a yau, ka same ta a jikin wannan mutum: tafiyar ta amfani malamin ƙwarai, kuɗin mai sarauta ne ya ba shi sararin yin aikinsa, shi kuma a ransa yana shakkar ko ɗalibin ya ƙaru da wani abu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya sauko daga gidajen sarauta zuwa ga masu matsakaicin hali. A 1954 kamfanin Swan na Landan ya fara kai mutane kufan tsohuwar Girka a jirgin ruwa tare da malaman jami'a masu yin lacca, kuma fitaccen masanin tonon kufai Sir Mortimer Wheeler, wanda talabijin ɗin BBC ta riga ta sa kowa ya san gashin bakinsa, ya zama fuskar tafiye-tafiyen. Amma wanda ya zana tsarin da kowa ke bi yanzu Lars-Eric Lindblad ne, haifaffen Suwidin mazaunin Amurka. Ba shi ya fara kai 'yan kallo Antaktika ba, Ajantina da Chile sun taɓa gwadawa a ƙarshen shekarun 1950. Abin da ya kawo shi ne fasali. A 1966 ya ɗauki fasinja 57 a wani jirgin sojan ruwan Ajantina, a 1967 ya shiga tsibiran Galafagos, a 1969 kuma aka ƙera masa jirgi na musamman, Lindblad Explorer, ƙarami, mai jure ƙanƙara, ba gidan caca ba 'yan rawa, sai zauren lacca da kwalekwalen roba. Cikin waɗanda suka yi masa aikin jagora har da Roger Tory Peterson, mai littafin gane tsuntsaye da ya shahara a Amurka, da Sir Peter Scott, ɗan Kyaftin Scott ɗin nan da ya mutu a 1912 a hanyarsa ta dawowa daga ƙurewar kudancin duniya. Hujjar Lindblad ita ce mutum ba ya kare abin da bai sani ba, saboda haka duk wanda aka kai ya gani zai koma gida ya zama jakadan wurin. Har gobe kamfanoni na amfani da kalmar nan ta jakada.

Me ke kai masani cikin wannan aiki? Na farko dai guraben jami'a sun yi kaɗan, masu digirin sun yi yawa, kuma wanda ya yi shekara biyar yana nazarin tsuntsun teku ba shi da kasuwanni da yawa da zai kai wannan ilimi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne mazauni a jirgi. Jirgin bincike tsada gare shi, samun gurbi a cikinsa sai an yi shekaru ana rubuta takardun neman tallafi. Jirgin 'yan yawon buɗe ido kuwa yana komawa wurare iri ɗaya kowane mako biyu daga Nuwamba zuwa Maris, shekara bayan shekara, abin da mai ƙidayar dabbobi yake mafarki ke nan. Ƙungiyar Oceanites ta Ron Naveen tun 1994 take ƙirga sheƙunan fengwin a zirin Antaktika, kuma yawancin zirga-zirgarta a irin waɗannan jirage take yi. Daga irin wannan doguwar ƙidaya aka ga nau'in adeli na raguwa a yammacin zirin, inda ɗumi ya fi ƙaruwa, nau'in jentu kuma yana yaɗuwa yana gangarawa kudu.

Akwai ma inda fasinjan da kansa ya zama ɗan aike. Dabbar tekun nan da ake kira wel, wadda ba kifi ba ce tunda shayarwa take yi, nau'inta mai doro yana da zane a ƙarƙashin jela da ya bambanta daga wata zuwa wata kamar zanen yatsan mutum. Ted Cheeseman, wanda ya taso cikin sana'ar jagorancin irin waɗannan tafiye-tafiye, ya kafa shafin Happywhale a 2015, inda kowa zai ɗora hoton jelar da ya ɗauka, kwamfuta ta gane wace ce, ta faɗi inda aka taɓa ganinta. Da irin waɗannan hotuna aka gano wata da aka gani a gaɓar Kolombiya a 2013 da 2017 ta ɓulla a Zanzibar a 2022, tazarar fiye da kilomita 13,000. Da su kuma aka yi binciken da ya fito a 2024 wanda ya nuna yawansu a arewacin tekun Fasifik ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 tsakanin 2012 da 2021, bayan wani zafi na ba-sabam da ya dafa ruwan yankin ya rage musu abinci. Wannan ilimi ne na gaske, ba wasan yara don a faranta wa baƙo rai ba, kuma wani ɓangare nasa da kyamarar 'yan fansho aka tara shi.

Duk da haka, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masanin da ke jirgi ma'aikacin kamfani ne, galibi a kan kwantiragin kaka ɗaya. A ƙarshen kowace tafiya ana raba wa fasinjoji takarda su ba kowane ma'aikaci maki, akwai kuma tukuicin da ake tarawa a raba. Ɗalibin jami'a dole ya zauna ya saurara ko laccar ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba, don malami ne ke riƙe da sakamakonsa. A jirgi an juya abin, ɗalibi ne ke ba malami maki. Saboda haka laccar kan gajarce, a cika ta da hotuna da barkwanci, a bar wuraren da masana ke gardama a kai don ba su da daɗin ji bayan cin abincin dare. Ban ga laifi a sauƙaƙa ilimi ba, wasu malaman ma a nan suka fara koyon magana yadda mutane za su gane. Inda gizo ke saƙa shi ne daren da za a yi maganar sauyin yanayi. Mai laccar na tsaye gaban mutum ɗari da wani abu waɗanda kowannensu ya keto rabin duniya a jirgin sama, sannan ya hau jirgin ruwa mai shan man dizal ya ratsa mashigin Drake, tekun da ke tsakanin Kudancin Amurka da Antaktika, kwana biyu. Shin zai gaya musu cewa zuwansu na cikin abin da ke narkar da ƙanƙarar da suka zo gani?

Lissafin kuwa yana nan. A 2022 wata tawaga ƙarƙashin Raúl Cordero na Jami'ar Santiyago da ke Chile ta auna kunkunniyar hayaƙin inji da ke sauka a kan dusar ƙanƙara a zirin. Farar ƙanƙara mayar da hasken rana take yi, in ta yi duhu ko kaɗan sai ta riƙa shan zafi ta narke da wuri. Suka ƙiyasta kowane ɗan yawon buɗe ido na jawo narkewar kimanin tan 83 na dusar ƙanƙara a kakar. Amma kafin masana su ɗaga hanci, binciken ya nuna kason kowane ma'aikacin tashar bincike ya fi haka nesa ba kusa ba, saboda janareta da manyan motoci da jiragen sama masu saukar ungulu. Haka ma maganar iri. Wani bincike da Steven Chown ya jagoranta, wanda ya fito a 2012, ya bi aljihu da jakunkuna da takalman masu shiga nahiyar da injin zuƙe ƙura, aka tarar masu bincike sun fi 'yan kallo shigo da ƙwayoyin irin ciyawa, don su da tsofaffin kayan da suka yi yawo da su a wasu duwatsu suke zuwa, shi kuwa baƙo sabuwar riga kamfani ke ba shi. Wanda ya taɓa ratsa saura da kaka ya fito da ƙarangiya a ƙafar wando ya san yadda iri ke tafiya ba da izinin kowa ba. Wata ciyawar Turai ta riga ta kama ƙasa a tsibirin King George.

Batun jakadanci fa? Masu binciken da suka bi sawun fasinjoji bayan sun koma gida ba su sami abin a zo a gani ba. Mutane na dawowa da ƙarin sani da shauƙi, wannan ba a musu, amma shaidar cewa sun sauya yadda suke rayuwa ba ta da ƙarfi. Wani nazari na 2010 ma ya nuna da yawansu sun je ne don su gani kafin ya ƙare. Adadi kuma sai hawa yake. A farkon shekarun 1990 masu ziyartar Antaktika ba su kai 10,000 a kaka ba. A kakar 2022 zuwa 2023 sun haura 100,000, a ta gaba suka haura 120,000. A ganina, a nan ne sunan masani ke yi wa kamfani aikin da ya fi lacca tsada. Yana wanke wa mai saye zuciya. Wanda zai ji nauyin cewa ya kashe dala 15,000 a hutu ba zai ji nauyin cewa ya je balaguron ilimi da wani farfesa ba.

Sai dai zan yi rashin adalci in na tsaya a nan, domin akwai aikin da masanan nan ke yi wanda ba a sa shi a talla, kuma shi ne na fi ganin ƙimarsa. Antaktika ba ta da gwamnati. Yarjejeniyar 1959 da ƙasashe 12 suka fara sa wa hannu ta keɓe ta don zaman lafiya da bincike, ƙarin yarjejeniyar Madrid ta 1991 ta hana haƙar ma'adinai, amma babu ɗan sanda ko ɗaya a bakin gaɓa. Kamfanonin ne da kansu suka kafa ƙungiya, IAATO, a 1991, suka shimfiɗa ƙa'idoji: kada mutum fiye da 100 su sauka a wuri ɗaya a lokaci guda, kowane baƙo 20 su kasance da jagora aƙalla ɗaya, jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 500 ba zai sauke kowa ba, kada a matsi dabba ƙasa da mita biyar. Takarda ba ta tare mutum. Wanda ke tare shi shi ne jagoran da ke tsaye a kan dusar ƙanƙara, kuma ana jin maganarsa ne saboda jiya an ga ya san abin da yake faɗa. In ma'aikacin otal ya ce wa attajiri ya ja da baya, zai iya harararsa. In mai digiri a kan fengwin ta ce masa tsuntsuwar nan in ta tashi daga kan ƙwanta na minti ɗaya wani tsuntsu mai farauta da ke shawagi a sama zai sure shi, sai ya ja da baya har da ba da haƙuri. Ilimin ne ya zama sandar dogari.

Tun da murar tsuntsaye ta isa tsibirin South Georgia a Oktoban 2023, ta kuma tabbata a zirin Antaktika a Fabrairun 2024, aikin ya ƙara nauyi. An hana zama ko durƙuso ko kwanciya a ƙasa, ko ajiye jaka. Jagororin da ke sauka da sassafe su ne ke fara duba ko akwai matattun tsuntsaye, in sun gani su soke saukar, su koma su fuskanci mutanen da suka biya kuɗi suka sa rai. Wani lokaci kuma ilimin da rai ya rataya a kansa ba na zauren lacca ba ne sam. Tsohon jirgin Lindblad ɗin nan, bayan ya wuce hannun masu shi da dama, ya nutse a Nuwamban 2007 kusa da tsibiran South Shetland bayan ƙanƙara ta huda shi. Duk mutum 154 da ke ciki sun tsira bayan sa'o'i a kwalekwalen ceto. Binciken da Laberiya ta yi, don tutarta jirgin ke ɗauke da ita, ya ɗora abin a kan kuskuren kyaftin wajen karanta irin ƙanƙarar da ya shiga.

Mai ɗaukar hoto shi nasa matsayin daban ne, don shi ne ya haifar da sha'awar tun farko. Hoton da ya sa mutum ya sayi tikiti, mai shi ya yi makonni yana jiran haske kafin ya same shi, ya kuma karkata kyamara yadda ba za a ga jirgi ko jerin mutane masu jajayen riguna ba. Fasinja kuwa awa ɗaya da rabi gare shi a gaɓa, yana so ya koma gida da irinsa. Daga nan matsin ke tasowa: a ƙara matsawa kaɗan, a ƙara minti biyar. Dokar hana kwanciya a ƙasa ta fi cizon masu hoto, don hoton fengwin mai kyau daga daidai tsayin idonsa ake ɗaukarsa, kuma IAATO ta hana baƙi tashin jirgi marar matuƙi don nishaɗi a gaɓoɓin da dabbobi suke. Gwanin cikinsu shi ne wanda zai iya ce wa mutum ya sauke kyamara ya kalli abin da idonsa tukuna. Kada kuma a raina idon nasu. A 2000, a hamadar Tenere ta Nijar, tawagar Paul Sereno na Jami'ar Shikago na neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, sai mai ɗaukar hoton tawagar, Mike Hettwer, ya ratse wajen wasu tuddan rairayi ya ci karo da ƙasusuwan mutane. Wurin shi ne Gobero, makabarta mai kaburbura kusan 200, wadda mafi tsufansu ke komawa wajen shekara 10,000, lokacin da akwai tafki a wurin.

Amma wa ya kai tawagar cikin Tenere ya fito da ita? Azbinawan da suka san rijiyoyi da tuddai. Wannan ita ce tambayar da takardar talla ba ta son a yi. Fataken da suka yi safarar goro zuwa Gwanja sun bambance madugu da jagaba, kowa da girmansa, don sun san da ɗan gari akan ci gari. A balaguron ilimi na zamani sau da yawa sunan baƙon farfesa ne a bango, shi kuwa wanda ya san bishiyar da tsuntsun ke kwana, ya san wane dattijo za a gaisar kafin a shiga kufai, ana kiransa ɗan rakiya, a sallame shi da kuɗin yini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Antaktika wannan matsala ba ta taso ba don babu 'yan ƙasa. A sauran duniya tana nan.

Galafagos ta gwada wata hanya. Tsibiran na ƙasar Ikwado ne, Charles Darwin ya yi mako biyar a cikinsu a 1835, an mai da kashi 97 cikin 100 na ƙasarsu gandun da doka ta kare a 1959. A can doka ce, ba alfarma ba: ba mai shiga wuraren ziyara sai da jagora mai lasisin hukumar gandun, kuma jagora ɗaya ba zai ja fiye da mutum 16 ba. Bayan dokar musamman ta 1998 da ta fifita mazauna tsibiran wajen aiki, horon sababbin jagorori ya koma hannun 'yan gida. Ko wane irin farfesa kamfani ya ɗauko daga Amurka, in an sauka a kan dutse bayan ɗan tsibirin zai bi, shi zai ce a tsaya mita biyu daga damon teku ko ƙaton kunkuru. Akwai masu ƙorafin cewa rufe ƙofa ga 'yan waje ya sa ba duk jagora ke da zurfin kimiyya ko harsunan baƙi ba. Ko da hakan gaskiya ne a wasu wurare, ni na fi karkata ga tsarin, don lasisin jagoran a hannun hukuma yake, ba a hannun mai jirgi kaɗai ba, kuma 'ya'yansa a tsibirin za su girma. Bai hana cunkoso ba dai. Baƙi sun haura 300,000 a 2023, har hukuma ta ninka kuɗin shiga daga dala 100 zuwa 200 a Agustan 2024.

Misali mafi kusa da mu yana Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke. A tsakiyar shekarun 1990 sun ragu zuwa wajen 50. Da kariyar gwamnati da aikin masu bincike da haƙurin manoman da dabbobin ke ci wa wake a gona, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Jagororin Kure 'yan ƙauyukan wurin ne, suna da ƙungiyarsu, suna gane raƙuman ɗaya-ɗaya daga zanen jikinsu, kuma masu ƙidaya da su suke aiki. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin: Faransawa shida ma'aikatan agaji da suka je kallo, direbansu, da shugaban ƙungiyar jagororin. Cikin 'yan kwanaki Faransa ta shafa wa kusan duk taswirar Nijar jan launi, ta gargaɗi 'yan ƙasarta kada su je. Masanin da ke zuwa daga waje tare da ayarin baƙi, kamfani kan sauya masa ƙasa a kakar gaba, ya je ya yi laccarsa a Namibiya ko Kenya. Mutanen da suka san kowane raƙumi da zanensa suna nan Kure, su da raƙuman da gonakin wake, baƙin ne suka daina zuwa.